Gidan Wasan Bayan Tasha

Mahaifina ne ya raya gidan wasan da ke bayan tasha a Gwarzo. Da fari fili ne da zana, daga baya mai wurin ya ja katanga, ya kafa rumfar kwano. Duk ranar kasuwa, da an yi la'asar Baba zai ɗauki kukumarsa, 'yan kalangu biyu na biye da shi. Mutane su taho tun daga Madadi har Durun, a yi ta rawa ana liƙi. A lokacin mai wurin "ɗan'uwa" yake ce wa Baba.

Da aka fara yayin manyan sifiku, sai ya ɗauko mai saka kaset daga Kano. Ranar da Baba ya zo kamar kullum, a bakin ƙofa ya tare shi, gaban jama'a.

"Malam, kukan akuyar nan taka ya ishe mu. Ka koma gona."

Aka kwashe da dariya. Ina tsaye a gefensa aka yi masa haka, da aurena da komai. Baba ya koma gida ya rataye kukumar, bai ƙara taɓa ta ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Wurin bai daɗe ba ya mutu, ya koma ma'ajiyar taki. Bana mutumin, wanda yanzu Alhaji ne, ya gyara shi ya shafa fenti, wai zauren biki. Manyan baƙi za su zo buɗewa, kuma kiɗan gargajiya suke so. Ya aiko aka kira ni, don ya san makaɗan yankinmu duk a hannun Baba suka tashi.

"Ka tattaro mini su, ɗana."

Na ce, "To, Alhaji."

Na hau babur na bi su gida-gida. Wani tsohon mai kalangu a Kabo bai bari na gama magana ba. Ya ce, "Ko ba ka zo ba, ƙafata ba za ta taka wurin nan ba."

Ranar buɗewa na zauna wurin mai shayi a tsallaken titi. Baƙi suka cika kujeru, dandali wayam. Alhaji ya yi ta leƙowa yana danna waya, gumi ya jiƙa masa babbar riga. Kafin la'asar motoci suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya.

Matata ta ce in nemi gafarar Allah, mutumin ya tsufa. Na nema. Amma ranar sai da na ƙara tuwo.