Ranar da kwamfutar jikata ta ƙi yin shiru

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan bayan la'asar: ni, da jikata mai karatun kwamfuta a jami'a, da kawunta ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya zo daga Gwaram, sai maƙwabciyarmu malamar asibiti, wadda ta biyo daga coci ta tsaya gaisuwa. Ni kaɗai ce ban taɓa shiga aji ba. Wake nake tsincewa.

Washegari yarinyar za ta koma ta nuna wa malaminta aikin da ta yi wata guda tana yi. In ya ƙi karɓa, sai ta maimaita shekara. Ta ce wani ɗan guntun shiri ta rubuta ta cusa can cikin ƙuryar kwamfutar, inda suke kira kanal. Aikinsa kaɗan ne: a buɗe fayil, a nemi abin da ke ciki, ya miƙo, a rufe.

Ta danna. Rubutu ya fara zubowa, bai tsaya ba.

Kawun ya gyara hula. "Kun gani? Aiki ke nan. A ofis ɗinmu sai a yi mako ba a fitar da rabin wannan ba." Malamar asibiti ma ta yaba. Yarinyar dai ta ce ba haka ya kamata ya yi ba.

Ban iya karatu ba, amma na yi shekaru ina saƙar faifai, na san zane in ya maimaita kansa. Na matso da kujerata na duba. Layi ɗaya ne, tsawonsa ɗaya, ƙugiyar ƙarshensa ɗaya, daga sama har ƙasa.

Na ce, "Ke, abu guda yake ta faɗa."

"Inna, ki bari mana," in ji kawun. "Wannan ba harkarki ba ce."

Ban kula shi ba. Na tambaye ta wa ke nema, wa ke bayarwa. Ta ce kwamfutar ce ke nema, nata shirin ke bayarwa. In ya bayar, sai a dawo a ce a ƙaro.

"To in ya ƙare fa, me yake cewa?"

Ta koma ta duba abin da ta rubuta.

Na ce, "Wato kin yi shi kamar ke. Ko almuru aka zo aron turmi ba ki iya cewa a'a. Ki koya masa ya tuna inda ya tsaya, in aka dawo ya ce babu."

Ta ƙara layi uku. Ta danna. Rubutu ya fito sau ɗaya, ya tsaya cak. Kawun ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Da safe na hana ta koko sai da ta sake gwadawa a gabana sau uku, yatsana a kan gilashin. Sannan na ɗauki mayafi na raka ta tashar Birnin Kudu.