Tafin Hannun Malam Garba

Damina ta biyu ce bayan soja sun koma bariki, shekarar da na rasa haƙorin gaba. Ban yi boko ba, amma ba na manta hanya. Jikata Rabi, 'yar jami'a, ita ke rubuta wannan. Da ta zo hutu ta ce gwamnati za ta ba da kuɗi a rushe tsohon ɗakin karatunsu a sake gini. Mijina marigayi, Malam Garba birkila, yana cikin waɗanda suka gina shi zamanin Turawa, har ya danna tafin hannunsa a ɗanyen siminti bayan ƙofa. Na ce sai na gani kafin a fasa.

Agege

Ranar komawar Rabi makaranta, ƙarfe biyar da rabi na asuba muka hau bas ɗin danfo zuwa tasha, ina rungume da ƙullin goron magina, don ba a zuwa wurin gini hannu rabbana.

A tasha, direban fijon da za mu shiga ya ce, "Mama, kayan aure ne?"

"Tuƙa motarka, ɗana. Bakinka bai kai wannan goron ba."

Shagamu

Shingen 'yan sanda huɗu muka wuce. Ƙarfe takwas muka ci ƙosai da burodi, ruwa ya kece.

Jami'a

Goma saura kwata muka shiga. Ba yashi, ba bulo ko ɗaya. Maigadi, wani dattijo, ya ce, "Hajiya, an ɗage aikin. Wai baitulmali ba kuɗi, sai baɗi."

Gaskiya daɗi na fara ji. Na zaga bayan ƙofa, ga hannun nan, har da karkataccen ɗan yatsansa. Na ɗora nawa a kai.

Sai na leƙa ciki. Rufi kamar rariya. Yara a tsaye, littattafai cikin leda, malaminsu mai furfura yana koyarwa da lema a hannu. Rabi ta nuna min kujerarta, bokiti ne a kai.

Na raba musu goron. Malamin ya rusuna ya ce, "Mama, in an zo rushewa za mu roƙa a bar wannan bangon."

Na ce, "A fasa shi. Garba ya yi gini ne don kada ruwa ya taɓa yara, ba don a kalli hannunsa ba."

Gida

Biyar na yamma na sauka Agege lafiya, na gode Allah, na gode wa maigadin da ya ba ni benci. Cikin waɗanda suka ga ginin nan yana ɗanye, saura ni da Tanko mahauci na Oko-Oba, shi ma ido ya tafi. Hannun yana nan, ruwa na bin sa. Ni kuwa kullum addu'ata kuɗin su fito.