Kwalbar Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san 'yar kwalbar maganin idon da ke aljihunsa. Ba magani a cikinta, ruwa ne zalla. Aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje a nan Abuja shi ne binciken yadda siririn maiƙo, wanda ido ba ya gani, ke mannewa a jikin ƙarfe ya tsare shi daga tsatsa. In ya ɗiga ruwa ya dunƙule, akwai maiƙon. In ya baje, babu. Ga shi ba ya iya zama wuri ɗaya, ko shayi a tsaye yake sha.

Da zan yi wa gidana na Jikwoyi rufi, na yi gangancin tafiya da shi kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Ya bi kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga ruwa, yana girgiza kai. Mai shagon ya gaji.

"Oga, saye za ka yi ko alwala?"

"Kwanonka tsirara yake," in ji Kawu. Shago bakwai muka shiga, ga damina a kaina.

Sai lokacin da ya ƙallafa rai a kan ganyen darbejiya, wai yana hana tsatsa. Ya jiƙa shi kwana uku a tukunyar matarsa, Inna Talatu. Sati guda miya na ɗaci. Da ta yi ƙorafi ya ce, "Amma ta yi tsatsa?"

"Malam, ta alminiyom ce, dama ba ta tsatsa."

"To, kin gani."

Wata rana daraktansu ya kawo baƙi, ya ɗauki wani faifan ƙarfe da Kawu ya yi wata guda yana shiryawa, ya shafa shi da yatsa. Kawu ya karɓa a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu maiƙonka za mu auna." Ya kuwa auna, ya kai masa sakamakon har ofis.

Ko a asibiti bai kwanta lafiya ba. Na same shi yana kankare ƙarfen gado da farce, yana tambayar nas, "Ni kuna duba ni, shi wa ke duba shi?" Ta yi dariya har ta manta da allurar da ta zo yi masa. Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya ba shi hutun da bai taɓa yarda ya yi ba a duniya.