Filayen Iku da Sunan Malam Ɗalha

Ni ɗan tela ne. Daga Zariya na zo Suleja, lokacin da ma'aikatu suke tasowa daga Legas zuwa Abuja. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma Allah ya ba ni baki. Na kama haya a unguwar Chaza, a gidan Malam Ɗalha, tsohon jami'in hulɗa da jama'a da yake rubuta wa kamfanoni sanarwa. Shi ya koya mini aikin. Baba nake ce masa.

Baba ɗan ƙungiyar masu wannan sana'a ne, kuma ba ya wasa da dokokinta. Ba ya tallata abin da bai je ya gani da idonsa ba. Ko gidan burodi ne, sai ya shiga ya ga inda ake kwaɓa fulawa. Ya sha ce mini in yi kwas, in yi rajista da ƙungiya. Ni kuwa ina ganin ɓata lokaci ne, tunda ana ba ni na mota in ƙara gishiri a sanarwa a bayan idonsa. Daga nan na fara.

Wata rana wasu mutane suka zo, suna so a tallata filaye a Iku, can wajen gari, ga ma'aikatan Abuja da haya ta isa. Baba ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ya dawo da laka a wando, ya ce doya ya tarar a wurin, kuma manoman sun ce ba su sayar wa kowa ba. Ya sallami mutanen. Ni na bi su tasha. Na rubuta sanarwar, aka karanta a rediyo, na kuma sa cewa ofishin Malam Ɗalha ya tantance. Saboda sunansa jama'a suka saya, har da wata malamar asibiti mai riƙon marayu.

Da asiri ya tonu, mutanen suka gudu. Ƙungiya ta kira Baba gaban kwamitin ladabtarwa. In aka same shi da laifi, za a soke sunansa. Na faɗa masa ni na rubuta, na roƙe shi ya ce kuskuren gidan rediyo ne. Sai ya ce, "Ɗana, in na yi ƙarya don in cece ka, me na koya maka ke nan?"

Ya je ya faɗi gaskiya, amma 'yan kwamitin ba su ɗauki maganarsa don furfurarsa ba. Su ma sai da suka je Iku. Manoman suka ce ai sun san tsohon nan mai babur, shi kaɗai ya taɓa zuwa ya yi musu sallama ya tambaye su. Aka wanke shi. Ƙungiya ta gargaɗi jama'a a rediyo, ni kuma kotu ta ɗaure ni.

Baba ya riƙa kawo mini gari da ƙuli-ƙuli gidan yari, bai taɓa tayar da maganar ba. Can sai ƙafarsa ta ɗauke. Ranar da na fito na nufi Chaza. Inna, matarsa, ta nuna mini babur ɗin a jingine a zaure, ta ce tun damina aka kai Baba makwancinsa. Ban samu na ce ya yafe mini ba.

Na tuba, na koma keken ɗinkin ubana. Samari masu sha'awar wannan aiki, ku shiga ƙungiya, ku yarda a sami waɗanda za su kira ku su tuhume ku. Su ne kuma za su wanke ku. Kafin ku ɗora suna a kan wani abu, naku ko na wani, ku je ku gani. Ni ban taka Iku ba sai bayan na fito. Na tarar ana haƙar doya.