Ranar da Na Kai wa Auta Rubutu Rano

Fassi zuwa Kibiya

Ina idar da sallar asuba na ɗauki ƙunshina na bar Fassi, ban yi wa kowa sallama ba, ni da ko barka zan je sai unguwa ta sani. Shekarar da aka ba mu mulkin kai ce, da kaka, ana tsakar cirar gyaɗa. Kun sha tambayata abin da ya fitar da ni. To ga shi, ina faɗa jikata tana rubutawa.

Tabawa mai daddawa ce ta dawo daga kasuwar Rano, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Autanki ya taɓu."

Auta shi ne ɗana na ƙarshe, wanda dagaci ya sa aka kai boko, har ya zama malamin makaranta a Rano, ana ce masa Malam Sule.

Ta ce, "Iyayen yara ne suka gaya min. Kasko yake ajiyewa a rana ya tsaya yana kallo. Kuma wai shi ke tambayar yara. In sun ba shi amsar banza sai ya yi murmushi. Ajinsa ko karatu ba a ji."

Na ce mata warin daddawarta ne ya hau mata ka. Amma tana fita na fara ɗaure ƙunshina. Ƙanen ubansa ma da murmushi ya fara, ɗaure cikin mari ya ƙare.

Na bi masu jakuna da ke kai gyaɗa Kibiya. Ɗaya ya ce, "Iya, ina zuwa da sanyin safiya haka?" Na ce, "Inda jakinka ya nufa. Gyara min in hau." Da hantsi muka shiga gari.

Kibiya

Na sauka gidan ƙanena Malam Idi, mai makarantar allo. Tun daga bakin kasuwa ake jin karatun yaransa kamar ƙudan zuma. Haka muka san makaranta.

Da ya ji labari ya ce, "Yaya, kin gan shi da idonki?"

"Sai na gan shi yana cin ƙasa sannan zan nemi magani?"

Bai ƙara ba, ya jawo tawada. Yana rubutu na ce, "Idi, kai malami ne. Ka taɓa tambayar ɗalibinka karatu don ya gaya maka?"

Ya ɗaga kai ya ce, "Malami shi ke biyawa, yaro ya maimaita. Haka aka yi mana."

Ya wanke allunan, ya cika min gora, ya toshe da totuwa. Matarsa ta yi tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, har da man shanu.

Kibiya zuwa Rano

Washegari na sami lorin gyaɗa. Direba ya dube ni ya ce, "Iya, za ki iya hawa?" Na ce na hau rumbu tun ba a haifi uwarsa ba. Aka ja ni sama kan buhuna, na rungume gorata.

Kusa da ni wata mata ce 'yar Yalwa, mai aure a Rano. Na bugi cikinta na ce ko ta san wani Malam Sule.

"Wayyo, wannan! Tun da ɗana ya shiga ajinsa ya hana mu sakat. Me ya sa, me ya sa. Jiya ina hura wuta ya ce me ya sa hayaƙi sama yake yi ba ya yin ƙasa. Kin san shi ne?"

Na ce sunan kawai nake ji. A raina na ce innalillahi, abin har yara yake kamawa.

Mun kafe a yashin wani rafi, maza suka sauka suka yi ta turi, ni kuwa ji nake kamar in sauka in tafi a ƙasa. A bakin gari ɗan doka ya tsayar da mu, mai yin lambar agana ya bi hannuwa yana duba tabon rigakafi. Ɗan dokan ya ce, "Iya, mene ne a gorar?"

"Rubutu."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Tsufa ciwo ne, yaro. Allah ya kai ka."

Ya ce amin, ya matsa.

Rano

Ban nemi gidansa ba, makarantar na nufa. Kowane aji na wuce malami na faɗa yara na amsawa, har kwanon rufi yana ƙara. Aji na ƙarshe kuwa tsit, kamar gidan makoki. Na raɓe gefen taga na leƙa.

Ga Auta a tsaye, riƙe da busasshen kasko. Idonsa na fara dubawa, ba ja. Bulala tana rataye a ƙusa har yanar gizo ta kama ta.

Ya ce, "Jiya mun zuba ruwa a nan, mun ajiye a rana. Yau babu. Ruwan nan ina ya tafi?"

Sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na soma salati. Yara suna kallon kasko, shi yana kallon yara.

Can wani ya ɗaga hannu. "Malam, akuyar hedimasta ce ta shanye."

Aji ya fashe da dariya. Na ce yanzu bulala za ta sauko. Sai na ga murmushin nan da Tabawa ta faɗa.

"Zai yiwu. Wa ya yarda, wa bai yarda ba?"

Wani ya ce, "Ai mun kife kwando mun ɗora dutse. Akuya ba ta da hannu."

Wata 'yar siririyar yarinya ta ce kaskon ne ya tsotse.

"Me ya sa kika ce haka, Lami?"

"Sabuwar randarmu tsatsafa take, Malam."

"Madalla, kin duba da kyau." Ya ɗauko tasa daga kan tebur. "Wannan ma a rana ta wuni, ruwanta ya ragu. Tasa tana tsotsa? Ku juya uku-uku, ku yi gardama, in ji abin da kuka tsayar."

Aji ya zama kasuwa. Yana bi tsakaninsu yana sunkuyawa, bai gaya wa kowa komai ba. Ni kuma sai na tsinci kaina ina tunani. Shekara nawa ina shanya zane, ban taɓa tambayar inda ruwan yake zuwa ba. Matsewa nake, amma da laima nake shanyawa. To sauran fa?

Ya tafa hannu aka yi shiru. "Akwai wanda ya taɓa ganin ruwa ya tashi da kansa ya koma wani wuri?"

Shiru kuma. Amsa tana bakina tana ƙaiƙayi. Na jira, na jira, yaran nan sun ƙi magana.

"Murfin tukunya mana!"

Sai da ta fita na san ni na faɗa. Kawuna duka suka juyo. Kaskon ya kusa suɓuce masa. Ya fito da gudu ya durƙusa.

"Inna! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Koma ka ƙarasa aikinka."

Ya koma, amma sai ya juyo taga. "To Inna, me ya sa kika ce murfin tukunya?"

A gaban yara, ni! Na gyara mayafi na ce, "Wa yake zuba ruwa a murfi? Amma in ka ɗaga sai ya ɗiga. Tururi ne ya hau da shi."

Lami ta ce, "Iya, ai babu wuta a ƙarƙashin kaskonmu."

Sai mai maganar akuya ya yi zumbur ya ce, "Rana! Wutar a sama take!"

Auta bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce kowa ya je ya dubi murfin tukunyar gidansu, gobe ya zo da abin da ya gani. Aka buga ƙarfe, suka fita suna gardama har bakin hanya.

A gidansa na zaunar da shi. Na sa ya lissafo kakanninsa, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan na ce, "Gaya min gaskiya. Ka san amsar ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Inna."

"To me ya hana ka faɗa, ka bari ana cewa ka taɓu?"

"In na faɗa za su rera min ita, jibi sun manta. Wadda suka tono da kansu ba ta barinsu. Ai ke ma haka kike mana, ki kai tatsuniya tsakiya ki yi shiru, sai mun faɗi yadda za ta ƙare."

Ni dai na san goro nake gyarawa a baki, amma ban musa masa ba. Na miƙa gora na ce ya shanye, ayar Allah ba ta komawa gida. Ya shanye tas yana dariya. Na ce, "To da ruwan ya hau sama, ina yake zama?"

Ya ce, "Inna, ke me kike gani?"

Saura kaɗan in kwaɗa masa gorar.

Komawa

Kwana biyu na yi, na biyo lori zuwa Kibiya. Duk hanya idona yana kan guntayen gizagizan ƙarshen damina, ina zarginsu. Idi ya ce, "Rubutun ya yi aiki?" Na ce ƙwarai, ni ya warkar.

Ina shiga Fassi da la'asar sai ga Tabawa, fuska a shirye don jaje. "Yaya, ya mai jiki?"

Na ce, "Zauna. In kin shanya daddawarki da laima, ruwan ina yake tafiya?"

Na yi shiru irin na Auta, na bar ta. Da sassafe ta dawo ta ce iska ce ke lashewa. Na ce, "Me ya sa kika ce haka?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ya bar wa ɗana hankalinsa. Na gode wa Idi da matarsa, da mai jakin da ban tambayi sunansa ba. Tabawa ma na gode mata. Har yanzu tana zuwa da sabuwar amsa, ni kuwa ban ce mata i ba tukuna.