Kalmar da Baba Ya Tsinta a Bakin Keken Ɗinki

Mahaifina tela ne a unguwar Sarkin Dawaki. Bai yi boko ba, Hausarsa ma rabinta Fulatanci ne. Da aka ba mu jiha, ma'aikata suka cika Jalingo, suna kawo masa ɗinki suna Turanci. A bakinsu ya tsinci kalmar "fix".

Lokacin ina koyarwa a firamare, sai ya tambaye ni, "Wai mene ne fikis?"

Na ce, "Sa maɓalli ne, Baba, ko ɗora aljihu a jikin riga."

Ba a yi mako ba wani ya kawo wando zif ya lalace, ya faɗi kalmar. Baba ya dawo gida da murna. "Ashe har gyara take nufi!" Daga nan komai fikis ne a wurinsa: rediyo, ƙyauren ɗaki, har rigimar maƙwabta.

Shekara biyu bayan haka cikin mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, ya fara kumbura. Muka kai ta asibiti. Likitan mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Ya duba ta, ya ce mini da Turanci ciwon ya yi nisa, ko an yi aiki ba shi da tabbas, amma za su "fix" rana.

Kalma ɗaya Baba ya gane. Ya kama hannun likitan da hannu biyu yana godiya, ya juyo gare ni. "Kin ji ko? Ya ce zai gyara ta."

Ban taɓa gaya masa kalmar tana kuma nufin sa rana ba. Na buɗe baki, sai Dada ta dube ni daga kan gado ta ɗan girgiza kai. Ba ta jin Turanci, amma ta ga fuskata.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Saura kwana tara a yi aikin, Dada ta rasu da hantsi.

Bayan sadakar bakwai Baba ya kira ni zaure. "Likitan nan ƙarya ya yi mini?"

"A'a, Baba. Ni ce ban fassara maka duka ba."

Ya ce, "Ita ta sani?"

"Ta sani."

Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Dama ta fi ni ƙarfin zuciya." Ya ɗauki butarsa ya fita, ko azahar ba a kira ba.