Jego Ya Karɓe Ta

Ƙanwata a Guna take aure, amma a ɗakina ta yi jego, nan cikin Birni a Damagaram. Innarmu ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka da cikin fari ya tsufa mijinta ya kawo ta wurina. Ni ce yaya, ni ce uwa. Na karɓi aikin da hannu biyu, kuma in faɗi gaskiya har da son a gani. Malamar lakwal ce ni, matan unguwa sun daɗe suna cewa masu boko ba mu iya komai ba sai riƙe alli. Na ƙudura a raina sai na nuna musu mai jegon da ba su taɓa gani ba.

Lafiya ta haihu a matanite, 'ya mace. Washegari aka sallame mu da ɗan karne, wato takardar awon jaririya, muka dawo gida na ɗora tukunya.

Duk wanda ya zauna garin nan ya san abin da ruwa yake nufi. Watan zafi ne, famfonmu ya yi mako uku ko ɗigo babu. Duk da haka ban fasa wanka ko sau ɗaya ba, safe da yamma. Na bi masu garuwa har bakin titi, na tafasa babbar tukunyar Inna, na karyo ganyen dogon yaro ina fyaɗa mata ruwan tana runtse ido. In ta fito, ga ƙwaryar kunun kanwa na jiranta, mai kauri, kanwar ta ji sosai. In ta ture, in tura mata. Haka aka yi wa Inna, haka aka yi mini sau huɗu, kuma ga ni da raina.

Ranar suna gidan ya cika. Mata suka zo da sabulu da 'yan riguna, kowace ta ɗauki jaririya ta yaba hanci, sannan ta juya ta dubi uwar. Auta, haka nake kiranta, siririya ce tun tasowarta, har muna tsokanarta da cewa iska za ta ɗauke ta. Ran nan kuwa kumatu sun fito, wuya ya cika, fatarta na sheƙi. Gwaggonmu, ƙanwar babanmu, ta tafa hannu ta ce jego ya karɓe ta. Maganar ta zaga tsakar gida, kowa na maimaitawa, ana yi mini sannu da ƙoƙari. Na ji daɗi har cikin raina. Aka ɗauke ta hoto da jaririyar a cinya.

Bayan suna zobenta ya ƙi fita, sai da sabulu. Takalminta ya ƙi shiga, na ba ta nawa, muka yi dariya. Da rana in ta so barci sai ta jingina da bango tana zaune, ta ce kwanciya na toshe mata ƙirji. Ga wani ɗan tari da ba ya fita. Na ce sanyi ne ya shige ta, na ƙara wa ruwan wanka wuta.

Da lokacin awon jaririya ya yi, ni na goya ta na kai, tunda mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Na bi layi tun safe har rana ta take. Aka ɗora yarinya a ma'auni, aka rubuta a karne, aka ce madalla, tana samun nono. Wadda ta auna ba ta ɗago kai ba balle ta tambayi ina uwar. Ban ga laifinta sosai ba, mata sun fi ƙarfinta, ita kaɗai ce a teburin. Amma har yau ina jin haushin wannan takarda. Ga wurin nauyin 'ya, ga wurin allurarta, mu duka muka duƙufa a kai, wadda ta haife ta tana gida tana haki.

Wata yamma ina shirin zuba ruwa ta riƙe mini hannu.

"Yaya, numfashina ba ya kaiwa ƙasa. A bar wankan yau."

"Raki ne, Auta. Saura kwana goma sha biyu. So kike a ce na gaza?"

Abin da na ce ke nan. Na juya shi a raina ta kowace fuska, ban samu wata ma'ana da ta fi wannan sauƙi ba. Ta saki hannuna ta tsuguna, na yi mata wankan.

Kwana biyu bayan haka ta tashi za ta bayi ta faɗi a ƙofar ɗaki. Muka sa ta a mota zuwa asibiti. Likitan da ya duba ta bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗaga zanenta kaɗan, ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta, ya ɗauke. Wurin ya lotsa kamar an danna tuwo, ya ƙi tasowa. Ya ce in duba da kyau, wannan ruwa ne. Zuciyarta ce ta gaji bayan haihuwa, yakan faru ko ba kanwa, amma kanwa da zafin wanka sun ƙara mata kaya. Ya tambaye ni tun yaushe ta fara kumbura. Na ce tun kafin suna. Ya sunkuya yana rubutu.

Ta kwana huɗu. Ran na biyar, wajen la'asar, ta cika.

Matan da suka zo suna su suka zo zaman makoki, a kan tabarman nan dai. Suka ce kwana ya ƙare, na ce haka ne. Gwaggo ta dafa ni ta ce kada in sa wa raina komai, duk unguwa shaida ce ko wanka ɗaya ban fasa mata ba. Da nufin lallashi ta faɗa. Na so in yi kururuwa, sai na ce na gode.

Tun daga nan na zama matar da ba a son gani a gidan barka. Ba na fara ɗaukar jariri. Uwar nake nufa, in ce ta miƙo ƙafa, in danna yatsa a ƙwauri in jira. In tambaye ta yadda take kwana, a kwance ko a zaune. Tsofaffi na taɓe baki, wata ta taɓa ce mini ko na koma likita ne ba su sani ba. Su ce duk abin da za su ce. Sau biyu na tarar da lotsawar, na tsaya a kan mazajensu har aka fita da su zuwa asibiti ana cikin jego, ana ta surutu a bayana. Duka biyun suna raye, ɗaya ma ba ta gaishe ni, wai na tona mata asiri a dangin miji. Tukunyar Inna kuwa na kife ta a bayan ɗaki, duk mai zuwa aro ina ce mata ta fashe.

Yarinyar a wurina ta tashi, bana ta shiga aji biyu. Hoton ranar suna shi kaɗai muke da shi na uwarta da ita, ban iya cire shi daga bango ba. Baƙi na tsayawa a gabansa su ce Allah ya ji ƙanta, ta yi kyau a nan. Rannan na shigo na tarar da yarinyar a kan kujera tana nuna wa ƙawarta hoton.

"Ga mamata," ta ce. "Kin ga kumatunta? Gwaggo ta ce jego ne ya karɓe ta. Inna ce ta kula da ita."

Ni take kira Inna. Ta juyo tana murmushi, tana jira in ce haka ne.